Sai-Sun-Gani da Fim Ɗin Inna Mai Banda

Duk wanda yake zaune a tsakar gidan nan yau, in dai ya taɓa gaisawa da Karimu, to an taɓa matsar da shi daga inda yake tsaye. Kar wanda ya yi mini musu. Mutumin nan bai iya "ina kwana" a inda ya tarar da kai ba. Sai ya ja ya tsaya, ya karkata kai, ya runtse ido ɗaya, ya dube ka sama da ƙasa kamar mai tayin rago, sannan ya ce, "Ɗan matso nan, rana na bayanka." Ka matsa. "A'a, ka yi yawa, koma kaɗan." Ka koma. Sai a lokacin zai saki fuska ya ce, "Yawwa. Ina kwana, ya iyali?"

Ga waɗanda suka zo daga nesa ba su san ni ba, ni ce Rabi mai sayar da banda a babbar kasuwar Garoua. Ni 'yar kawunsa ce, shi ɗan gwaggona, kun ga taubasai ke nan, wasa tsakaninmu bai ƙare don ya riga ni tafiya ba. Saboda haka kar wanda ya harare ni in na tsokane shi. Na yi kukana na ƙoshi, yau da muka taru don sadakarsa ku bar ni in ɗan rama.

Ranar ɗaurin auren 'yata ta fari, maigidana ne ya ba ni labari, yana faɗa yana share hawayen dariya. An taru a ƙofar gida, goro da alewa na tsakiya, liman ya gyara zama ya buɗe baki ke nan, sai ga Karimu ya ratsa manyan mutane ya durƙusa a gabansa.

"Allah gafarta Malam, a ɗan juyo gabas kaɗan, inuwar bango ta raba fuskarka biyu."

Liman ya ce, "Karimu, aure za mu ɗaura ko hoto za mu yi?"

"Aure, Malam. Amma a juyo ɗin."

Bawan Allah ya juya, kowa ya gyara hula ana jiran a ga kyamara. Ina kyamara? Tana gida cikin akwati! Shi dai idonsa ne ba ya son ganin fuska cikin inuwa.

Kun san gidanmu gidan kasuwa ne tun kakanninmu da suka zo daga Kano da fataucin goro. Mahaifinsa, Alhaji Isiyaku, shago ya buɗe masa. Karimu ya zauna a shagon nan kamar an ɗaure shi, har ranar da wasu Nasara suka zo ɗaukar fim ɗin dorinar ruwa a kogin Binuwai suna neman mai jin Faransanci da Fulatanci. Ya rufe shago ya bi su, daga nan ba mu sake ganinsa a bayan kanta ba. Ya koyi riƙe kyamara, ya ƙware har ana aikowa nemansa daga ƙasashen waje. Irin fim ɗinsu ba na wasan kwaikwayo ba ne, mutane ake bi a ɗauka cikin rayuwarsu ta gaskiya, manomi a gonarsa, masunci a jirginsa. Ya je Chadi, ya je Mali, ya je Kwango, ya yi wa gidajen talabijin na Faransa da Jamus da na Larabawa aiki shekara da shekaru. Amma fim ɗin kullum na wani ne. Shi ke tsayawa a rana, wani ke da suna.

Na farkon da ya kawo mana a kaset, ya tara gida kaf a ɗakin Gwaggo, mahaifiyarsa. Muka zauna muna kallon raƙuma da rairayi har na fara gyangyaɗi. Da aka zo ƙarshe, rubutu ya fara hawa sama, sai ya miƙe ya tsaya jikin talabijin ɗin.

"Ku shirya! Yana zuwa! Ga shi, ga shi, ga... ya wuce."

Gwaggo ta ce, "Me ya wuce?"

"Sunana, Inna."

Ya mayar da kaset baya, ya tsayar, ya ɗora yatsa a kai. Gwaggo ta matso ta ƙura ido ta ce, "Wannan ɗin? Haba Karimu, ai kiyashi ma ya fi shi jiki. Don wannan ka bar shagon ubanka?"

Muka yi ta dariya, shi ma ya yi. Amma da muka fito ya raka ni bakin titi ya ce, "Rabi, kafin in mutu sai na yi fim nawa na kaina. Sunana a farko, shi kaɗai, da manyan baƙaƙe, a talabijin ɗin mutanen nan da na yi wa bauta." Na ce masa Allah ya nuna mana, ni kuma in zama gwamna. Ashe da gaske yake, abin nan ya riƙe shi a rai har tsufansa.

To sai dai shi da kansa ya ɗaure ƙafarsa da wata doka, wadda ta jawo masa sunan da kuka fi saninsa da shi. Asalinta, tun yana sabon shiga ya ɗauki wani makiyayi a hanyar Maroua. Bayan an daɗe wani ɗan uwan makiyayin da ke karatu a Faransa ya ga fim ɗin, ya aiko cewa an nuna makiyayin a matsayin wanda yunwa ta kusa kashewa, alhali mutum ne mai garke. Makiyayin ya tako har ƙofar gidan nan, bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Na ba ka nono ka sha. Me na yi maka?" Karimu ya ce mini da dukansa ya yi da sanda da ya fi masa sauƙi. Tun daga ranar ya rantse babu fim ɗin da zai fita daga hannunsa sai waɗanda ke ciki sun gani sun yarda. Ka ce masa jirgi zai tashi, ya ce sai sun gani tukuna. Ka ce masa an bugo waya daga Faransa, ya ce sai sun gani tukuna. Har yaran unguwa suka koma kiransa Sai-Sun-Gani, yana amsawa kuwa.

Nasara da yawa sun rabu da shi kan wannan. Waɗanda suka haƙura sun haƙura ne don hannunsa ba ya rawa a kan kyamara kuma duk ƙauyen da ya shiga ana buɗe masa ƙofa.

Ni ma dokar nan ta ci ni. Akwai shekarar da suka ɗauki manoman auduga a wani ƙauye wajen Kaélé. Da aka gama haɗawa zai koma ya nuna musu da majigi, sai ya rasa farin ƙyallen da zai rataya. Mutumin nan don maƙo ba zai sayi yadi ba. Ya shigo gidana ba na nan, ya lallaɓi yara, ya ɗauke farar shaddar da na saya wa maigidana ta Sallah, ko tela bai gan ta ba. Na bi shi har tasha ina haki.

"Karimu, ɓarawo! Ina shaddata?"

"Ke mai ƙarnin kifi, ki yi alfahari. Gari guda zai kalli shaddarki."

"Da ƙusa za ka kafe ta!"

"Ƙanana ne."

Don kar in bar shi da ita na shiga motar, da haka na ga abin da idona. Aka rufe tagogin ajin lakwal, wato makarantar boko, da tabarmi, aka ta da inji, ƙauye kaf ya shigo. Baturen da ke da fim ɗin yana ta zufa, tsoronsa kar su ce a cire inda suke ƙorafi kan farashin auduga. Ko a jikinsu! Da aka zo wurin ma tafi suka yi. Rigima ba ta tashi ba sai da aka nuno wani magidanci kwance ƙarƙashin bishiya baki buɗe yana sharar barci, iyalinsa na can cikin rana suna tsinkar auduga. Ajin nan kamar zai tsage. Mutumin ya miƙe yana rantsuwa zazzaɓi yake yi ranar, a cire shi. Matarsa ta miƙe ta ce wallahi ba za a cire ba, duniya ta ga abin da take fama da shi.

Bature ya ce a bari, wurin ya yi kyau. Karimu ya ce, "A'a, fuskarsa ce, shi ke da iko da ita." Ya juya ga matar ya ce, "Amma ke ma kina da gaskiya." Ya shafa gemu, ya yanke hukunci: za a cire fuska da jiki, a bar ƙafafu kawai suna leƙowa daga inuwa. Mutumin ya yarda, har da godiya. Da aka koma aka nuna musu gyararren, ƙafafun nan na fitowa yara suka haɗa baki suka kira sunansa. Kaf ƙauyen shi kaɗai ke da irin wannan faso!

Shaddar kuwa ta dawo da huji a kowace kusurwa. Haka maigidana ya sa ta ya je idi, Karimu na bayansa yana gaya wa mutane wai wannan rigar ta fi mai ita suna.

Yanzu bari in zo kan fim ɗin ƙarshe, wanda da yawanku kun ji rabinsa ne kawai.

Ni na haɗa shi da Inna Mai Banda. A Lagdo take a lokacin, bakin dam, wurinta nake sarin kifi tun ina sabuwar 'yar kasuwa. Tsohuwa ce 'yar firit, hayaƙi ya rine mata ido, bakinta kuwa ya fi nawa. Mijinta Baba Sale masunci ne da ƙarfi ya ƙare masa, ya koma ɗinkin taru a gindin bishiya kusa da murhunta. Ka wuni da su ba za ka ji sun yi hira ba, sai dai "Ke, wutar nan ta yi yawa," ita kuma ta ce, "Kai dai ji da tarunka." Karimu ya raka ni sari sau ɗaya, ya zauna yana kallonsu, da za mu dawo ya ce, "Rabi, na sami fim ɗina."

Da kuɗinsa da kyamararsa ya yi shi, babu Bature a kansa. Ya yi ta zarya Lagdo rani da damina har suka manta da shi, suka koma aikensa ɗebo itace. To wata rana yana ɗauka, Inna na juya tarwaɗa a kan murhu, iska ta taso, tartsatsi ya kama gefen zaninta ba ta sani ba. Baba Sale da ko miƙewa sai ya dafa ƙasa, sai ga shi ya yi wurgi da taru ya zabura yana ihu, "Hadizatu! Hadizatu!" Ya kashe wutar da tafin hannunsa. Ita ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ba ka san dariya take ko kuka ba. Shi kuma ya koma gindin bishiyarsa yana duban ƙasa, can ya ce, "Ke, ki riƙa lura mana."

Ni da nake sari a wurinta shekara da shekaru, ranar da na kalli wurin nan a fim ɗin na fara sanin sunanta na yanka.

Karimu ya aika da samfurin fim ɗin ga wata Madam da suka daɗe suna aiki tare, wadda ta zama babba a wani gidan talabijin a Turai. Ta bugo waya tana kuka, ta ce wurin nan na wuta shi ne fim ɗin, saboda shi manyanta suka yarda za su nuna, da sunansa a farko a matsayin mai fim. Ta ce ya aiko da kammalalle kafin damina ta fita, don sun riga sun ware masa wuri. Ya zo rumfata yana tafiya kamar saurayi, ya zauna kan kwandon banda ya ce, "Gwamna, ki fara shirin rantsuwa."

Amma kun san halin da yake ciki a lokacin. Ciwon suga ya riga ya taɓa masa ƙoda, ƙafafu sun kumbura, takalmi sai silifa. Likita ya ce ya zauna wuri ɗaya. Na ce masa, "To aika mata yau ɗin nan."

Kun san abin da ya ce.

Muka je Lagdo, babu Inna. Ashe Baba Sale ya rasu tun da bazara ba mu ji ba, ɗanta ya zo ya tafi da ita can Mbakaou, bayan Tibati, inda yake su. Na ce, "Shi ke nan, Allah ya ga niyyarka. Ka je ba ka same ta ba." Ya ce, "Na je inda ba ta nan dai." Matarsa Hajiya Amina, ga ta nan zaune, ta yi magiya, 'ya'yansa suka ɓoye masa jaka. Ya ɗaure majiginsa a cikin zanin gado ya kama hanyar tasha. Hajiya ta kira ni ta ce, "Rabi, tunda ke ce kika haɗa wannan fitina, sai ki bi shi." Na bi shi, ina zaginsa tun daga Garoua har Ngaoundéré.

Tafiyar nan kar Allah ya maimaita. Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, hanya ta zama kunu. Ya kama wa majigi kujera guda jikin taga, ni ya matse ni tsakanin buhun masara da wata mata mai kaji. Na ce, "Karimu, ni da ƙarfen nan wa ya fi daraja?" Ya ce, "Ke in kin jiƙe za ki bushe." A hanya na ga yana cije leɓe duk sanda mota ta faɗa rami, in na dube shi sai ya kau da kai yana nuna mini duwatsu. Tsoro ya kama ni sosai, na yi zaton gawarsa zan dawo da ita.

Ta hanyar 'yan uwana masu banda muka gano gidan. Muka yi sallama, ɗanta ya shigar da mu, ga Inna zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki. Ta ji muryata ta ce, "Rabi ce? Matso in taɓa ki." Sai na ga hannunta na lalube. Yanar ido ta rufe mata idanun duka biyu, ba ta ganin komai sai fari.

Na dubi Karimu, na dubi majigin da muka sha wahalar ɗaukowa, dariya da kuka suka taho mini tare. Na raɗa masa, "To Sai-Sun-Gani, yau fa?" Bai kula ni ba. Ya sa aka share ɗakin ajiyar kifi, aka toshe taga, ya kafe zanin gadonsa a bango tsaf kamar mai ido zai nuna wa. Ya zaunar da ita a gaba, ya zauna gefenta a ƙasa da kumburarrun ƙafafunsa, ya kunna. Duk abin da ya fito sai ya faɗa mata.

"Inna, ga ki nan kina fasa itace. Zaninki mai ruwan ganye ne."

"Wannan tsumman? Ba ka ce in canza ba?"

"Ga jiragen masunta sun dawo. Ga Rabi tana taya kifi tana ɓata rai."

"Ita kullum haka take, kamar an ci mata bashi."

Ana ta dariya, har muryar Baba Sale ta fito yana cewa wutar nan ta yi yawa. Inna ta miƙa wuya wajen da sautin ke fitowa. Karimu ya rage murya ya ce, "Ga shi nan gindin bishiya, allura a bakinsa, hularsa ta karkace." Ta ce, "Kullum a karkace take." Can aka zo wurin wuta. Da ihun nan ya cika ɗakin, ta dafe ƙirji. Karimu bai fassara mata komai ba, babu abin fassarawa.

Ta ce, "Mayar."

Ya mayar. Ta sake cewa ya mayar. Ɗanta ya tashi ya fita waje.

Da aka gama Karimu ya ce, "Inna, mutanen Turai suna so su nuna wa duniya. Na zo in ji ko kin yarda."

Ta ce, "Su kalla mana, su ga yadda ake wahala kafin kifi ya zo faranti. Amma ka cire wurin nan."

Na ce, "Inna, wane wuri?"

"Inda ya kira ni. Rabi, mu mutanen da ne. Tunda muka yi aure mutumin nan bai taɓa kama sunana ba, ko muna mu biyu. 'Ke' ce ni, in ya ji daɗi ya ce 'uwar yara'. Har na ɗauka ya manta shi. Ranar nan kaɗai ya faɗa, kuma da ya tuna akwai mai ɗauka da ya bar ni na ƙone don kunya. Ba na so a ji shi a kasuwar duniya. Wannan nawa ne."

Karimu ya daɗe kansa a ƙasa. Can ya ce, "An cire, Inna. Akwai wani abu kuma?"

"Sai tarin nan da nake ta yi, in ana iya ragewa."

"Tari kam ya zauna, Inna. Shi ne shaidar hayaƙi."

Muna fita na tare shi a bayan gida, raina a ɓace. Na ce, "Kai wane irin mutum ne? Wurin nan shi Madam ta saya! Tsohuwar nan ba ta gani, ba ta da talabijin, Turai kuwa ko a mafarki. Wa zai gaya mata? Ka ce mata ka cire, ka aika abinka!"

Ya ce, "Ai shi ya sa, Rabi. Mai ido in na ci amanarsa zai kama ni wata rana. Ita fa?"

"To sunan naka? Abin da ka ƙare rayuwarka kana jira?"

"Ki taya ni naɗe zanin nan, hadari na tasowa."

Ban yi masa magana ba har muka iso Garoua. A gabana ya kira Madam. Ba na jin Faransanci sosai, amma na ji tana roƙo, na ji shi yana ta "non, Madam, non." Ta ce a kashe sautin sunan a bar hoton. Ya ce Inna wuri ta ce a cire, ba sauti ba. Ba muguwar mace ba ce, ta yi iya ƙoƙarinta wurin manyanta, amma suka kalli abin da ya rage suka ce tsohuwa ce kawai ke gasa kifi, suka ba wani fim wurin. Shi kuwa ya sayi 'yar rediyon nan mai cin memori, ya sa muryar Baba Sale a ciki, ya ba direban da ke ɗauko mini kaya daga Mbakaou ya kai mata. Sannan ya goge wurin daga kwamfutarsa, ina tsaye ina kallo.

Daga tafiyar nan bai sake miƙewa sosai ba. Da aka kwantar da shi a asibiti na je da rana na same shi shi kaɗai, Hajiya ta fita sayo magani. Na zauna na ce, "Karimu, tsakaninka da Allah, ba ka yi nadama ba?"

Na zaci zai kawo mini wasa. Sai na ga hawaye na bin gefen idonsa zuwa kunne. Ya ce, "Nadama a'a. Amma na ji ciwo, Rabi. Na so abin nan. Wallahi na so shi." Na kama hannunsa, abin da ban taɓa yi ba tun muna yara, muka yi kukanmu. Da ya ji motsin Hajiya a ƙofa ya fizge hannu ya ce, "Cika ni, kin shafa mini ƙarni."

Sauran kun sani. Bai ga sunansa a talabijin ɗin kowa ba.

Amma waɗanda suke nan ranar zaman makoki kun ga wata 'yar tsohuwa da aka shigo da ita ana riƙe da hannunta, ƙafafunta duk jar laka, wasu har suna tambaya 'yar uwar wa ce. Ita ce. Direbana ya kai mata labari, ta ce ko a kan buhun kifi sai an kawo ta. Ta yi wa Hajiya gaisuwa, ta lalubo ni ta zauna kusa da ni. 'Yar rediyon na ɗaure a bakin zaninta, na ji ta da gwiwata. Ta ce, "Rabi, ni 'mai hoto' kawai nake ce masa. Faɗa mini sunansa sosai, na yanka da na mahaifinsa. Ina so in riƙa sa shi a addu'a, kar in yi ta cewa mai hoto Allah ya ga rashin kirkina."

Na ce, "Abdulkarimu. Ɗan Alhaji Isiyaku."

Ta maimaita a hankali har ya zauna mata. Sannan ta ɗaga hannu a tsakar gidan nan, da muryar nan tata da hayaƙi ya dusashe, ta kira shi da ƙarfi kowa na ji, shi kaɗai, kafin ta roƙi komai. Ta ce duk sallar da ta rage mata a duniya da sunan nan za ta fara.

Ni ban iya addu'a kamar tata ba, amma ku taya ni. Allah ka jiƙan Abdulkarimu ɗan Isiyaku. Yadda ya rufa wa baiwarka sirrinta alhali ba ta ganinsa, ka rufa masa nasa ranar da babu mai rufawa sai kai. Ka yafe masa, ka ba Hajiya da yaran nan haƙuri, ni ma ka ba ni, don wallahi ina kewar abokin faɗana. Amin.